Dashen ƙoda: kyauta ce ko haja?

Ƙoda biyu gare mutum, kuma yana iya rayuwa da guda. Daga nan alherin dashen ƙoda ya fito, daga nan kuma fitinarsa ta taso.

A shekara ta 1952, a asibitin Necker na birnin Paris, wata uwa ta ba ɗanta ƙodarta. Bayan mako uku jikinsa ya ƙi ta, ya rasu. A 1954, a Boston ta ƙasar Amurka, likita Joseph Murray ya ci nasara, domin tagwaye ne ya yi wa aikin, jikinsu iri guda. Daga 1983 maganin siklosforin ya bazu, wanda ke hana jiki yaƙar baƙuwar ƙoda. Sai dai wanda aka yi wa dashe ba ya rabuwa da irin wannan magani muddin ƙodar na jikinsa.

Wuƙar likita ta gwanance, saura tambaya guda: ina za a samo ƙodar? Masu jira sun fi masu bayarwa yawa nesa, kuma inda buƙatar mai kuɗi ta gamu da yunwar talaka, dillali ba ya nisa. Indiya ta haramta cinikin a 1994. Iran kuwa, tun 1988, ta yarda a biya mai bayarwa bisa tsarin hukuma, amma galibi bashi ke kai mutum ga sayarwa. A 2008 masana suka taru a Istambul, suka la'anci fataucin sassan jiki. Duk da haka, a 2023 kotun Landan ta ɗaure ɗan majalisar dattawan Nijeriya, Ike Ekweremadu, don ya kai wani saurayi ɗan tireda Ingila a cire masa ƙoda saboda ɗiyarsa.

Doka kaɗai ba ta kashe kasuwa. Sipaniya ta kafa hukumar dashe a 1989, ta zuba ma'aikata horarru cikin asibitoci masu neman yardar dangin mamaci. Yau tana sahun gaba a duniya, ba tare da ciniki ba.

Ƴan uwa masu karatu, ƙasar da ba ta tanadi ƙoda a gida ba, mawadatanta za su saye ta a waje, talakawanta su zama haja. Kafin a kai nan, a riƙa auna hawan jini da ciwon sukari, su ne manyan masu kashe ƙoda. Allah ya ba mu lafiya.