Tabo, Facin Gaggawa

Bayan rauni mai zurfi, jiki faci yake yi wa fata. A lafiyayyar fata zaren kolajin a saƙe yake kamar tabarma. A tabo kuwa jera shi ake yi cikin hanzari don toshe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Shi ya sa tabo ba ya tsirar da gashi, ƙarfinsa kuma ba ya wuce kashi 80 cikin ɗari na asali.

Bincike ya nuna ana iya warkewa babu tabo. Haka ɗan tayi yake warkewa a farkon ciki. A 2021 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun sa wa raunin ɓeraye maganin verteporfin, fata ta dawo har da gashinta.

Damuwata ita ce kiloyid, tabon nan mai tudu da ke zarce iyakar rauni, wanda ya fi addabar baƙar fata. Ɓera ba ya yin sa, sai a jikin mutum ake nazarinsa, majinyatan kuwa suna asibitocinmu. Jami'o'inmu ne ya kamata su ja gaba. Kafin nan, mai irin wannan jiki ya guji tsaga da ƙaho, kada kuma ya kai wa wanzami: yanka kaɗai kan dawo da tabon, har ya fi na da girma.