Wasiƙa Zuwa Ga Maharba Masu Niyyar Rabuwa Da Bindigoginsu

Iyayena da yayyena maharba, musamman Sarakunan Baka na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau.

Da yawa daga cikinku ba bindiga ɗaya gare su ba. Akwai ta toka da aka gada wurin kaka, akwai mai baki biyu da aka saya lokacin da daji yake daji, wani ma har da wadda abokin farauta ya jinginar bai dawo ba. Yau ƙarfi ya ja baya, nama ya yi wuya, ga hidimar aurar da 'ya, sai zuciya ta ce a sayar da ɗaya. Sayarwa ba laifi ba ce. Roƙona kada ku yi cinikinta kamar cinikin akuya a kasuwar Wudil, a tafa a miƙa igiya.

Dokar makamai ta 1959, wadda har gobe da ita ake aiki a Najeriya, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da fistol, izininsu yana hannun Shugaban Ƙasa. Na farauta masu cin harsashi, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Na toka da ake ɗura wa albarushi ta baki kuwa, maganarsu tana wurin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin da ake yawan mantawa shi ne, lasisi na mutum ne, ba ya bin bindiga zuwa gidan wani. Dokar ta hana ka miƙa bindiga ga wanda bai nuna maka tasa takardar izinin ba, ko da ɗan cikinka ne, kuma dole a ga sunan maƙera da lamba a jikin ƙarfen. Wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekaru 5 da suka wuce, ba a ba shi lasisi. In ya zo da kuɗi a hannu, ku ba shi haƙuri. Wanda kuma ya mai da saye da sayar da bindiga sana'a, sai ya yi rajistar dillanci.

Maganar gado ta fi damuna. Idan mai lasisi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta ba magada su riƙe bindigarsa. Mu kuwa sau da yawa ba a taɓa kayan mamaci sai an yi sadakar arba'in, wani gidan ma sai shekara ta zagayo. Duk tsawon wannan lokaci bindiga tana rataye a ɗakin marigayi, yara na shiga suna fita, mai gidan da ya gaje ta ya zama mai laifi bai sani ba. Sarkin Baka, ranka ya daɗe, wannan aikinka ne: da an share makoki ka ja babban ɗa ku je caji ofis tare, a rubuta, a ba ku shaida.

Babu wanda ya manta Uromi ta jihar Edo, inda a watan Maris na 2025 aka kashe maharba 16 a hanyarsu ta dawowa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Zalunci ne tsagwaronsa, babu takardar da za ta wanke waɗanda suka aikata shi. Amma ya nuna irin idon da ake kallonku da shi yanzu, kuma duk bindigar maharbi da aka tsinta a hannun ɓarawon shanu a dajin Rugu ko Falgore, sunanku gaba ɗaya take ɓatawa.

Saboda haka in ciniki ya faɗa, a yi shi gaban mai unguwa da Sarkin Baka. A rubuta lambar bindigar da ta lasisin mai saye, kowa ya sa hannu, a kai kwafi wurin 'yan sanda, kai ma ka adana naka. In ba a sami mai takarda ba, gara ka kai musu ajiya ka karɓi rasit har a samu.

Wassalam, daga ɗanku mai ƙaunar sana'arku.