Mena: maki 15 sun samu, ƙwallaye ne suka yi ƙaranci

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Mena, ta kammala wasannin neman gurbin Kofin Duniya na 2026 da maki 15, a matsayi na biyu a rukunin E bayan Maroko, gaba da Tanzaniya da Zambiya da Kwango Brazabil. Duk da haka ba ta shiga cikin ƙasashe huɗu da suka je wasan cike gurbi ba. Da yake Eritriya ta janye daga rukunin Nijar, an cire wa sauran ƙasashen da suka zo na biyu makin da suka samu a kan na ƙarshen rukuninsu. Da aka yi wannan lissafi, Kamaru da Najeriya da Burkina Faso da Nijar duka suka tsaya a maki 15, sai aka koma ga bambancin ƙwallaye. Kamaru da Najeriya suka wuce. Mena ta ci 11, an ci ta 10, rararta ƙwallo ɗaya tak.

A cikin 11 ɗin ma, uku a teburi aka samo su, lokacin da Kwango ta ƙi zuwa wasan watan Yunin 2024 kuma FIFA ta ba Nijar nasarar 3 da 0. A fili, ƙwallo takwas ke nan a wasa bakwai.

Ciwon ba na yau ba ne. Sau biyu Mena ta je gasar CAN, a 2012 da 2013, ta buga wasa shida, ta dawo da ƙwallo ɗaya, wadda William N'Gounou ya zura wa Tunisiya. Da hukumar FENIFOOT ta ɗauko Badou Zaki a ƙarshen 2023, an san wa aka ɗauko: tsohon mai tsaron ragar Maroko, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1986, wanda ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe na CAN a 2004. Mai tsaron raga daga baya yake fara gini, kuma farkon aikinsa ya nuna haka. A wasanni huɗu na farko na neman gurbin CAN 2025, Mena ƙwallo ɗaya ta ci.

Sai watan Nuwamban 2024 abin ya juya. Ta lallasa Sudan 4 da 0 a Lome, ta je Accra ta doke Gana 2 da 1. Ƙwallo shida cikin mako ɗaya, kuma kusan da ƴan wasan da suka kasa ci wata guda kafin nan. Wannan ne ke nuna cewa ba ƙafa kaɗai ke ci ba, akwai hannun mai horarwa. Gurbin dai ya kufce, Sudan ta fi ta da maki ɗaya.

Abu na farko da horo ke iya gyarawa shi ne inda ake ƙwace ƙwallo. Ƙungiyar da ke jira a bakin ragarta, in ta ƙwace, tana da tafiyar mita 70 a gabanta, ɗan gabanta kuma shi kaɗai tsakanin masu tsaron baya biyu ko uku. In an koya wa ƴan gaba da na tsakiya su matsa tare, su tilasta wa abokin karawa kuskure a ɓangarensa, bugu biyu ko uku sun isa a kai ga raga. Wannan ba ya buƙatar ɗan wasa mai tsada, yana buƙatar numfashi da sanin lokacin da kowa zai taso. In mutum ɗaya ya makara, an buɗe ƙofa a baya, shi ya sa masu horarwa da yawa ke jin tsoronsa.

Na biyu shi ne bugun kusurwa da bugun tazara. A nan ne ƙaramar ƙasa ke iya yin kafaɗa da manya, domin abu ne da ake maimaitawa a atisaye har ya zauna: wa zai tare mai tsaron raga, wa zai ruga kusa da turke, wa zai jira ƙwallon da ta dawo. Oumar Sako mai tsaron baya ne, amma shi ya ci Gana a karawa biyun.

Na uku ya fi wuya, wato rage wa Daniel Sosah kaya. Shi ya ci Tanzaniya a Zanzibar a Satumban 2025, shi ya ci Zambiya a Ndola a Oktoba, duka 1 da 0. Maki shida ke nan daga ƙafar mutum ɗaya. Daɗi ne ga masu kallo a fada, amma duk mai horarwar da zai kara da Mena ya riga ya san wanda zai sa a tsare. Youssouf Oumarou na nuna hanyar fita: ɗan tsakiya ne da ke shigowa daga baya ba a lura da shi ba, kuma shi ya fara cin Maroko a Oujda a Maris ɗin 2025 kafin a juye wasan 2 da 1 a mintunan ƙarshe. Irin wannan shigowa ana tsara ta, ba a barin ta ga sa'a.

Akwai abin da ya fi ƙarfin Zaki. Ƴan wasan ƙasa kwana kaɗan suke haɗuwa kafin kowane wasa, sun taho daga ƙasashe daban-daban. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai bai samu amincewar CAF ba a wannan zagaye, don haka wasannin gida a Maroko da Togo da Burkina Faso aka buga su, babu ihun magoya baya da ke tura ƙungiya ta nemi ƙwallo ta biyu da ta uku. Sannan ɗan gaba ba a sansanin kwana biyar ake ƙera shi ba, a kulob ake yi, a AS FAN ko Sahel SC ko AS GNN, inda ya kamata a ware wa masu cin ƙwallo nasu atisayen a kowane mako.

Masu kare Zaki za su ce kashin 5 da 0 da aka sha a Rabat ne ya ɓata lissafi, ba rashin ci ba. Da gaskiyarsu, amma rabi. Ko da an tashi 1 da 0 a wannan dare, rarar Mena biyar za ta zama, Najeriya kuwa da bakwai ta wuce.