Sharhi: Dattijon da Ake Cigiya da Matar da Ke Jinyarsa



Duk mai kunna rediyo a garin Gombe ya saba da sanarwar cigiya. Yawanci yara ake nema, amma jifa-jifa sai ka ji an ce dattijo ne, ya fita sallar Asuba da farar riga da hula, har Azahar bai dawo ba. Sai a ƙara da cewa, "Yana da ɗan gigin tsufa." Wani a tsince shi a Tudun Hatsi yana tambayar hanyar gidan da ya bari shekara arba'in da suka wuce. Wani a gan shi a tasha ya dage sai ya je gaida mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da rasuwa. Idan an dace aka mayar da shi gida sai a yi hamdala, a ƙara wa ƙofa kwaɗo, maganar ta mutu.

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, sau da yawa cuta ce ta ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira dimenshiya. Mafi yawan nau'inta ita ce Alzheimer, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ita, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici, wato irin namu. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya manta sunan ɗansa. Mun san tsofaffi 'yan shekara casa'in da ke lissafo maka kakannin unguwa ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe.

A ƙasar Holan, a wani gari da ake kira Weesp kusa da Amsterdam, an buɗe wata unguwa a 2009 mai suna Hogeweyk, musamman domin masu wannan lalura. Mutum shida ko bakwai ke zama a gida ɗaya. Akwai kanti, akwai wurin aski, akwai dandali da lambu. Ma'aikatan jinya ba sa sanya kayan asibiti, suna yawo cikin mutane kamar maƙwabta. Tsoho ya fito ya zaga yadda ya ga dama, ba zai ɓace ba domin ƙofar fita ɗaya ce kuma da mai lura da ita. Daga ƙasashe da dama ana zuwa kallon wannan wuri ana koyi.

Ni da na karanta labarin, dariya ta kusa kama ni. Turawan nan sun kashe maƙudan kuɗi ne su gina abin da muke da shi a Jekadafari da Bolari da Herwagana tun kaka da kakanni: lungu wanda kowa ya san kowa, mai shayi da zai ce, "Baba, zauna ka sha, yanzu za a zo a raka ka gida," zaure da dakali da masallacin ƙofar gida. Abin da suka fi mu shi ne likita da ma'aikacin jinya a cikin wannan lungun. Mu kuwa lungun ma ya fara kuɓuce mana. A Tunfure da sauran sababbin unguwanni kowa ya ja katanga ya sa get, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. 'Ya'ya maza suna Abuja ko Legas, kuɗi suke turowa ta waya.

To wa ke jinyar? Mu faɗi gaskiya. Mace ce. Ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗa, ko jika da aka cire daga makaranta. Ita ke wanke shimfiɗa da asuba, ita ke kwana ido biyu domin Hajiya, tsohuwar da take jinya, na tashi tsakar dare ta ce za ta ɗora girki. Ita ce kuma Hajiya za ta zarga da sace mata kuɗi, kuɗin da ta ɓoye da hannunta a ƙarƙashin katifa ta manta. Dangi su zo gaisuwa ranar Juma'a su ji ƙorafin, su koma suna cewa matar ɗa ba ta da kirki. Aure nawa ne ya girgiza a kan wannan? Mafi muni, a wasu wurare tsohuwa ta fara sambatu sai a ce mayya ce tana tone-tone, alhali ƙwaƙwalwarta ce ke ciwo.

Na san da an ce gidan tsofaffi, ran Bahaushe da Bafulatani da Batangale zai ɓaci. Gidan gajiyayyu a wurinmu, irin na Shahuci a Kano, mafaka ce ta wanda ba shi da kowa, kuma mai 'ya'ya ba ya kai uwarsa can sai ya shirya shan gori har kabari. Ban zo in ce a sauya wannan ba. A masallaci da coci wa'azin ɗaya ne game da haƙƙin iyaye. Amma wa'azi ba ya auna hawan jini, ba ya kuma bai wa mai jinya barcin awa biyu.

A takarda ƙasar nan ta yi motsi. A farkon 2018 aka sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan kuwa tun 2012 ya buɗe cibiya ta musamman ta duba tsofaffi. Abin da ya rage shi ne a sauko da wannan zuwa unguwa. Jihar Gombe na da gundumomi 114, kuma an yi ta aikin gyara ƙananan asibitocin da ke cikinsu. Me zai hana a ware rana ɗaya a mako ta tsofaffi, yadda aka ware ranar awon ciki da ta rigakafi? A auna jini da suga, a duba ji da gani, a yi 'yan tambayoyin gwada tunani, wanda abin nasa ya yi nisa a tura shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hawan jini da ciwon suga da kurumta suna cikin abubuwan da ke share wa cutar hanya. Wata ruɗewar ma daga ciwon fitsari take, ko magungunan da suka yi wa jiki yawa, kuma tana warkewa idan an gano. Wadda ba ta warkewa, akwai dabarun lallaɓa ta.

Sannan a samar da zauren yini kusa da ƙaramin asibitin gunduma, inda za a kai tsoho da safe ya yi hira da tsararrakinsa a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci, a ɗauko shi da La'asar ya kwana a ɗakinsa. Masu hannu da shuni da ke neman inda za su sa waƙafi, ga wuri. Hukumar inshorar lafiya ta jihar, GoHealth, kuma ta faɗaɗa rajistar dattawa, musamman waɗanda ba su taɓa aikin gwamnati ba balle su jira fansho.

Ranar 1 ga Oktoba da muke bikin 'yancin ƙasa da ƙirƙiro jihar Gombe a 1996, ita ce kuma ranar tsofaffi ta duniya. Muna kira ga gwamnati ta tuna da su a jawabin ranar da kuma kasafin kuɗi. Kai kuma mai sauraro, idan akwai mai gigin tsufa a gidanku, yau ɗin nan ka rubuta sunansa da unguwa da lambar waya ka sa masa a aljihu, ka kai shi likita ya duba shi, sannan ka karɓi mai jinyarsa ko da kwana ɗaya ne a mako ta je ta huta.