Ƙirƙirarriyar basira da ciwon haƙori: a fara da Chereponi

A Arewacin Ghana ba a cika kai ciwon haƙori asibiti ba sai abu ya ci tura. Mutum zai fara da kurkure baki da ruwan gishiri, ya cusa kanumfari a kogon, ya leƙa kemis ya sayo ƙwayar rage zogi. Sai kunci ya kumbura, barci ya gagara, baki ya ƙi buɗuwa, sannan a shiga neman mota. Kafin nan haƙorin da ciko kaɗai yake buƙata ya riga ya mutu, sai dai a cire. Wani lokaci ruɓar kan gangara ƙarƙashin haɓa ta matse maƙogwaro, ciwon haƙori ya koma batun ceton rai.

Kada a yi saurin ɗora wa mai ciwo laifi. A Korle Bu da ke Accra da kuma Kumasi ake horar da likitocin haƙori, kuma a waɗannan biranen akasarinsu ke zama bayan sun gama. Manomin da ke ƙauyukan Chereponi, can bakin iyakar Togo, idan aka ce ya tafi Asibitin Koyarwa na Tamale, sai ya bi ta Yendi, ya biya kuɗin motarsa da na ɗan rakiya, ya bar gona, wataƙila ya kwana a hanya. Katin inshorar lafiya na NHIS yana ɗaukar cire haƙori da ciko mai sauƙi, amma ba ya biyan direba. Mutanen ƙauyukan Salaga da Bawku sun san wannan lissafin. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan uku da rabi ne ke fama da cututtukan baki, kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Mu ma muna ciki.

To me ƙirƙirarriyar basira za ta yi wa wannan manomi? A Amurka, hukumar abinci da magunguna ta FDA ta amince da manhajar kamfanin Overjet a 2021, da ta kamfanin Pearl a 2022. An ciyar da su ɗimbin hotunan haƙora na eksire waɗanda likitoci suka riga suka yi wa alama, har suka koyi gane duhun da ke nuna ruɓa. Da likita ya ɗauki hoto, sai manhajar ta zagaye wurin da launi a kan allo, ko da ɗan tabo ne a tsakanin haƙora biyu inda ido ke wucewa. Tana kuma auna yawan ƙashin da ciwon dasashi ya cinye a gindin haƙori. Mai ciwo na ganin abin da idonsa, ba sai an ce masa ya yarda kawai ba, kuma ruɓar da aka kama da wuri ana iya tsayar da ita kafin ta kai ga jijiya.

Akwai darasi a nan da bai kamata a tsallake ba. A wani gwaji da masana na asibitin Charité da ke Berlin suka wallafa a 2021, likitocin da manhaja ta taimaka wa sun fi gano ruɓa tun tana sabuwa, amma kuma sun fi saurin yanke shawarar fafe haƙorin. Ba kowane tabo ne ke son inji ba. Wani, shafa magani da gyara tsaftar baki sun ishe shi. Hukunci dole ya zauna a hannun wanda ya san aikin.

Sai dai wannan tsari na masu injin eksire ne da likita a zaune. Abin da ya fi dacewa da mu, a ganinmu, shi ne wayar da ke hannun ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin CHPS. Ta sa yaro ya buɗe baki, ta haska, ta ɗauki hoto, manhaja ta taimaka mata ta tantance: wannan a koya masa asuwaki da makilin ya dawo bayan wata uku, wannan a rubuta shi a jerin masu jiran likita, wannan kuwa yau ɗin nan a sa shi a mota. An gwada irin wannan a Indiya wajen gano alamun sankarar baki, inda ma'aikatan ƙauye ke ɗaukar hoto ƙwararru su duba daga nesa. Ghana ma ba baƙuwa ba ce a nan, domin an kai injinan hoton ƙirji masu manhajar CAD4TB asibitocinta don farautar tarin fuka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin wannan karatun hoto a 2021. Jihar Arewa maso Gabas, inda Chereponi take, ta ga jirage marasa matuƙa na Zipline suna tashi daga Vobsi kusa da Walewale da jini da alluran rigakafi.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne cutar noma, wadda ke zaizaye kunci da leɓen yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa. Da kumburin dasashi da warin baki take farawa, kuma a wannan matakin maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tare ta. Idan aka yi jinkiri, cikin kwanaki take huda fuska. Duk wanda ya san asibitin yara masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya san yawan tiyatar da ake yi kafin a maido wa yaro fuskarsa. A Disamban 2023 aka sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar Najeriya. Manhajar da za ta sa ma'aikaciya ta dubi dasashin yaro sau biyu ta cancanci kuɗinta.

Amma bakinmu ba irin na mutanen Los Angeles ba ne. Salaga ta yi suna da cinikin goro tun zamanin fatake, kuma haƙoran dattawanmu na ɗauke da jansa. Ruwan burtsatse a Bongo, da wasu wurare a Saboba da Chereponi, yana da sinadarin fuloraid fiye da kima, shi ya sa ake ganin yara da haƙora masu dabbare-dabbaren fari da ruwan ƙasa. Manhajar da ba ta taɓa ganin wannan ba tana iya kiransa ruɓa, ta tura lafiyayyen mutum Tamale a banza. Don haka sai an horar da ita da hotunan mutanen nan, da yardarsu, bisa dokar kare bayanai ta 2012, kuma a yi musu bayani da Anufo da Konkomba da Dagbani da Kusaal da Hausar zango. Jami'ar UDS da ke Tamale ce ya kamata ta riƙe ragamar, tare da masu wannan fasaha da ke Accra, inda Google ya buɗe cibiyar bincike a 2019. Dole kuma ta yi aiki ko babu intanet.

Gano ciwo ba tare da wurin magani ba ƙarin damuwa ne kawai. Muna kira ga Hukumar Lafiya ta Ghana da ta fara gwajin a gundumar Chereponi, ta haɗa shi da likitan haƙori mai zuwa a ranar da kowa ya sani, ya tarar da jerin da aka riga aka tace. Kayan aikin ba su da wuya. Tun shekarun 1980 aka ƙirƙiro a Tanzaniya hanyar ciko da ƙananan kayan hannu ba tare da lantarki ba, kuma a 2021 an sa simintin cikon da maganin shafawa mai tsayar da ruɓa cikin jerin magunguna na dole na duniya. Ya kamata Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ghana ta fayyace abin da ma'aikaciyar jinya za ta iya yi da su bayan horo, NHIS kuma ta amince ta biya kuɗin dubawar farko a CHPS.