Daga Bakin Tabarma: Ɗiyar da ba a ƙirgawa

Yau labarin ƙuruciyata zan ba ku.

Ina da shekara bakwai aka yi yunwar 1984, wadda mu mutanen Maradi muke kira El-Buhari. Damina ta ƙi, rumbu ya zama wayam. A kan rikicin hatsi babana ya saki innata, ta koma garinsu da ƙanena a goye, ni aka bar ni hannun kishiyarta. Shi kuma ya tafi bida, shekara biyu babu aike.

Talauci kam kowa ya sha shi a shekarar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a ƙirga ni cikin ƴaƴan gida. Ni ke jan ruwa a rijiya, ni ke surfe da daka, amma in an kwashe tuwo malmala huɗu ake yi wa yara, mu kuwa biyar ne. Rabona ƙanzo. Ranar da aka zo rubuta yara lakwal, tasha aka tura ni tallar ƙuli-ƙuli. Wata rana dala biyu ta ɓace cikin kuɗin talla, a zaure na kwana. Kaina yakan yi wata uku ba kitso.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai saida hura, Gwaggo muke ce mata. Ba ta taɓa yi wa matar babana faɗa ba, don ta san ni zan sha dukan bayan ta fita. Sai dai ta leƙo ta ce, “A ara mini yarinyar nan ta taya ni damu.” In na je sai ta zaunar da ni, ta miƙo mini ludayi, ta tsefe mini kai. Duk unguwar ita kaɗai ke tambayata, “Ɗiyata, kin ci?”

Da na girma na gane matar babana ita ma an bar ta da yara huɗu da rumbu babu kome, haushin miji take hucewa a kaina. Ban ce ta kyauta ba, amma na yafe mata. Sai dai tabon bai tafi ba. Wallahi har yau in ina rabon abinci sai na ƙirga kwanoni sau biyu.

To, ƴan uwa, kowace unguwa tana da irin wannan yarinya. Kun san ta: ita ce ke bakin rijiya lokacin da tsaranta ke aji. Kada ku shiga gidansu da faɗa. Ku yi dubarar Gwaggo, ku nemi dalilin da za ta shigo naku gidan, ku ba ta abinci, ku kira ta da sunanta. In da hali, ku lallashi manyan gidan a sa ta lakwal.

Allah ya jiƙan Gwaggo. Sai wata mai zuwa, in muna da rai.