Sirinjin da Na Karɓe a Hannun Yaro

Ranar Talatar da ta wuce na je dubiya wani asibitin gwamnati a wannan yanki namu. Ba zan kama suna ba, kada a ce da wani nake. Ƙanwar mahaifiyata aka kwantar, hawan jini ne ya taso mata, kuma alhamdulillahi da sauƙi. Da la'asar ta yi na zagaya baya neman inda zan yi alwala, sai na ji shewar yara ta wajen da katanga ta zube. Su uku ne, babbansu bai wuce shekara tara ba, suna guje-guje suna fesa wa juna ruwa da sirinji. Ɗaya har ya rataya robar ƙarin ruwa a wuya kamar carbi.

Na ce, "Kai, zo nan. Ina ka samo wannan?" Ya nuna mini da baki. Wani ɗan rami ne da bai kai gwiwa ba. Ga auduga da jini ya bushe a jikinta ya yi baƙi, ga bandeji, ga fasassun kwalaben allura, ga kwalin tara allurai wuta ta ci rabinsa ta mutu, tsinayen sun zubo suna ƙyalli a cikin toka. Awaki biyu na ta tono abinsu a gefe.

Ina tsaye sai ga mai sharar asibitin ya turo baro. Dattijo ne, da silifas a ƙafa, ya ɗaura baƙar leda a hannun dama.

"Sannu da aiki, Baba. Ina safar hannunka?"

Ya yi dariya. "Malam, safar hannu ai ta likita ce. Mu sai leda."

"Allura ta taɓa sokarka?"

"Sau nawa kuma? In matse jinin, in ɗan shafa gishiri, in ci gaba."

"An yi maka rigakafin ciwon hanta?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Tun daga ranar ban daina jin haushin abin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida: takarda, leda, ragowar abinci. Kashi 15 ne mai haɗari, kuma da zarar an zuba su kwando ɗaya, duka sun zama guba. Wanda allurar mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B ta soka, haɗarin ya kamu yana kaiwa kashi 30 cikin ɗari. Na ƙanjamau, da kowa ke gudu, kashi 0.3 ne kacal. Ƙwayar ciwon hantar nan kuma tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini. Wato allurar da aka yi wa wani ranar Juma'a tana nan da dafinta har wata Alhamis, tana jiran ƙafar Baba ko tafin yaro. A shekarar 2010 kaɗai, in ji hukumar, allurai marasa tsafta sun jawo wa mutum miliyan 1.7 wannan ciwo a duniya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa wai mu jahilai ne, ba mu da al'adar kula da irin wannan. Wa ya faɗa? A je ɗakin haihuwa a Kazaure ko Babura a gani. Mace na sauka, kafin a gama goge jariri, wata dattijuwa daga dangi ta miƙo hannu a ba ta mabiyiya. Za ta ƙunshe ta, ta kai gida, a wanke, a haƙa rami mai zurfi a binne, a danne yadda kare ba zai tono ba. Babu wanda ya yi mata bita a otal, babu wanda ya ba ta alawus. Kakata, Allah ya jiƙanta, ko gashin da aka tsefe da farcen da aka yanke ba ta yarda a bar su a tsakar gida. Mutanen da suka san cewa abin da ya fito daga jikin ɗan Adam yana da alfarma, yana kuma da haɗari, su ne za a ce ba za su gane kwando baƙi na sharar yau da kullum, mai ruwan ɗorawa na mai ɗauke da cuta, ja na jini da tsoka ba? Mabiyiya tana da mai ita, shi ya sa ba ta kwana a bola. Sirinji kuwa da an zare shi daga jikin mara lafiya ya zama maraya.

Kuma ba doka ce babu ba. Tun 2013 Najeriya ke da manufar ƙasa kan sharar asibiti, a 2021 hukumar NESREA ta fito da ƙa'idoji na musamman a kai, a Dutse kuma ga hukumar kare muhalli ta jiha, JISEPA. Takardu dai kam, sai wanda ya gaji da karantawa.

Ciwona shi ne: mun fi son abin da ake yanke wa ƙyalle. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, kowace gwamnati ta gina nata, an zo da tsarin kiwon lafiya na Gunduma zamanin Sule Lamido, an sake fasali bayansa, an yi fenti, an kafa allon suna, an kira maroƙa. Ban raina ba, gini alheri ne. Amma wa ya taɓa ganin an tara jama'a don ƙaddamar da takalmin roba na mai shara? Babu hoto a ciki, babu kaso mai tsoka ga ɗan kwangila. Shi ya sa manyan baƙi ke shiga ta ƙofar gaba su fita ta ƙofar gaba. Ina roƙon duk kwamishina ko shugaban ƙaramar hukumar da zai kai ziyara asibiti, ya bar ofishin shugaban asibitin da lemon da aka tanadar masa, ya ce a kai shi inda ake zubar da shara. Ya je da takalminsa mai tsada, ya taka.

Za a ce babu kuɗi. Kwalin allura na takarda ne, rigakafin ciwon hanta allura uku ce, a gaya mini nawa ne.

Ƙonawar da ake yi a rami ma yaudarar kai ce. Wutar kara da kananzir ba ta narka ƙarfe, robar da ta ci kuma hayaƙinta guba ne da ke bin iska ya shiga ɗakin masu jinya da gidajen maƙwabta. Tanderun kirki sai zafinsa ya kai digiri 850 zuwa 1,100. Ba kowane ƙaramin asibiti ne zai mallaki irinsa ba, kuma ba sai ya mallaka ba. Ƙananan asibitocin ƙauyukan Roni da Gwiwa, inda ma'aikaci ɗaya ko biyu ke yin awo da rigakafi da ɗinki, abin da suke buƙata kwali ne da ɗaki mai kwaɗo. Motar da ke kai musu allurar rigakafi, me zai hana a tsara yadda za a riƙa kwaso cikakkun kwalaye zuwa wuri ɗaya a Kazaure? Babura, da ke karɓar marasa lafiya har daga ƙetaren iyakar Nijar, ta isa a ce tana da nata tanderun. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Injiniyoyin da ke cikinsu ba za su iya gina tanderu su riƙa gyara shi ba? In damina ta sauka, duk abin da ke cikin ramukan nan kududdufi zai nufa, inda yaranmu ke wanka, dabbobinmu ke sha.

Na karɓe sirinjin daga hannun yaron, ya ɓata rai kamar na ƙwace masa kuɗin tara. Sai kuma na tsaya riƙe da shi da yatsu biyu, ina waige-waige, na rasa inda zan jefa. Baba ne ya miƙo hannun hagu, wanda babu ko ledar, ya ce, "Kawo, Malam." Ya cilla shi cikin baro, ya tura zuwa ramin ya juye. Kafin in idar da alwala, yaron ya koma ya zaɓo wani.